Ƙanena shekara uku yana kwance a gidana, wai yana jiran lokacin Allah

Wata ɗiya tawa cikin Almasihu daga nan Damagaram ta aiko mini da saƙo, ta roƙi in ɓoye sunanta da unguwarsu. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Mama, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 28. Ya gama lisans a jami'a shekara uku da suka wuce, tun lokacin yana gidana. Baba ya rasu, Inna tana ƙauye wajen Matamaye. Sai sha ɗaya ko sha biyu yake tashi, ya ci abinci ya bar kwano nan inda ya ci, ɗiyata 'yar shekara 12 ita ke wankewa, ya ɗau waya, da la'asar ya tafi fada, wato wajen hirar samari, sai biyun dare. Ya yi konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, sau biyu bai samu ba, daga nan ko dosiyen neman aiki bai ƙara kaiwa ko'ina ba. Kullum ni ke ba shi dala ɗari don forfen waya da shayi. In na yi magana sai ya ce yana addu'a, lokacin Allah ne bai yi ba. Maigidana ya yi haƙuri har ya gaji, yanzu ya ce ko ya tashi ya nemi abin yi ko ya bar masa gida. Ina tsoron in kore shi in yi zunubi, ina tsoron in bar shi aurena ya lalace. Me zan yi?"

Ɗiyata sannu, sannu da ƙoƙari. Na karanta saƙonki sau uku kafin in ɗau waya in fara amsa, domin na san irin wannan nauyin, wanda mutum ke ɗauka shi kaɗai a ƙirji ba ya iya faɗa wa mutanen majami'a don kar a ce ya tona asirin jininsa. Abin da zan fara ce miki shi ne kar ki kore shi gobe da safe, amma kuma zaman da ake yi yanzu ba zai ci gaba haka ba, don ba ya taimakon kowa a gidan nan, shi kansa ma da ake tausayi cutarsa yake yi.

Akwai wata aya da nake so ki buɗe da kanki, 1 Tasalonikawa 5:14. A nan Bulus ya raba mutane gida uku, ya ce masu zaman banza a yi musu gargaɗi, masu karyayyar zuciya a ƙarfafa su, raunana a taimake su, sannan a yi haƙuri da kowa. Kinga mutum uku ne da magani uku. Matsalarmu mu a gidajenmu sai mu haɗa su a kwano ɗaya, mai karyayyar zuciya mu yi ta zaginsa rago, shi kuma ragon na gaske mu yi ta lallashinsa muna cewa Allah sarki bai samu aiki ba ne. Toh kafin ki yi komai sai kin gane a wane gida ƙanenki yake zaune, ko kuma ƙafarsa ɗaya tana nan ɗaya tana can.

Rashin aiki dai ba lalaci ba ne, wannan in ban faɗa ba na zalunci samarin garin nan. Kowace shekara jami'ar André Salifou tana yaye ɗalibai, ga waɗanda ke dawowa daga Yamai da Maraɗi da Tawa da takardunsu, kujerun buro kuwa ba su ƙaru yadda mutane suka ƙaru ba. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 kowane yaro mai digiri yana mafarkinta, alhali ba za ta iya kwashe samarin Damagaram duka ba ko da ta so. Yesu da kansa ya ba da misali a Matiyu sura 20 na mai gonar inabi da ya fita neman ma'aikata tun da sassafe, ya koma wajen ƙarfe tara, ya koma tsakar rana, ya koma ƙarfe uku, har wajen biyar na yamma ya tarar da wasu a tsaye, ya tambaye su don me kuka yini a nan ba ku yin komai, suka ce ba wanda ya ɗauke mu. Bai zage su ba, ya ɗauke su, ya kuma biya su ladan yini cikakke. Amma ɗiyata ki lura da inda ya same su. A kasuwa ya same su, a tsaye, har ƙarfe biyar na yamma ba su koma gida sun kwanta ba. Ki fita da asuba wata ranar Alhamis ki bi ta Kasuwar Dole ki ga masu tura amalanke da 'yan dako da 'yan garuwa yadda suke rigengen fitowa ba tare da sun san ko za su samu na cefane ba. Waɗannan su ne marasa aiki da Littafi yake tausayi. Wanda ke barci har sha biyu, ko mai gonar ya zo sau biyar ba zai gan shi ba.

Sai karyayyar zuciya, wannan kam ina so ki ɗauke ta da muhimmanci sosai kafin ki buɗe baki ki yi faɗa. Ki tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna 19, mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al a dutsen Karmel, bayan haka Yezebel ta aika masa da barazana sai ya gudu jeji ya zauna gindin wani itace ya ce ya isa haka, Ubangiji ka ɗauki raina, ya kwanta ya yi barci. Allah bai ce masa tashi rago ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya ci ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci karo na biyu, sai da ƙarfinsa ya dawo ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, a can ne kuma Allah ya ba shi aiki, ya ce koma ka shafe wane da wane, ka ɗauki Elisha. Abinci da barci da farko, aiki daga baya, amma fa aikin ya zo. Toh ki lura da ƙanenki na mako ɗaya ko biyu ba tare da kin ce masa komai ba. Yana cin abinci kamar da ko ya rage? Ya rame? Yana wanka yana kula da jikinsa? Barcin nan na safe don ya kwana fada ne, ko kuwa ko ya kwanta da wuri ba ya iya runtsawa? Yana dariya da abokai ko ya daina jin daɗin komai har ƙwallon da yake so? Ya taɓa furta cewa gara ya mutu ko shi ba shi da amfani a duniya? In kin ji wannan ta ƙarshe ko sau ɗaya ne, ajiye duk sauran abin da na rubuta a nan ki kai shi babban asibiti ya ga likita, ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana maganinsa, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ki kuma buɗe ido kan maganar ƙwaya, kin san yadda tramol ya shiga samarinmu, ba ya tambayar addinin mutum ko takardarsa. Ba ina cewa yana sha ba, ina cewa yaya ta gari tana dubawa.

Amma in zan faɗa miki yadda na gani daga saƙonki, yaron da ke cin abincinsa tas, yake da ƙarfin zama fada daga la'asar har biyun dare, yake da bakin ba ki amsa da aya, a ganina abin ya faro ne da karyayyar zuciya lokacin da ya faɗi konkur sau biyu ga kuma rasuwar Baba, sannan a hankali a hankali ya rikiɗe ya zama son jiki. Haka lalaci yake shiga mafi yawan mutane, ba wanda ke tashi da safe ya ce daga yau ni rago ne. Ki duba bawan nan na Matiyu 25 da aka ba talanti ɗaya, ɗan'uwansa an ba shi biyar wani biyu, su suka juya nasu suka ninka, shi ya haƙa rami ya binne. Da maigida ya dawo me ya ce? Ya ce na ji tsoro. Maigidan kuma ya kira shi mugun bawa malalaci. Tsoro ne a ciki, lalaci a waje. Ƙanenki yana tsoron ya sake kai dosiye a sake liƙa sunaye babu nasa, yana tsoron abokan karatunsa su gan shi yana wani ƙaramin aiki su ce duk lisans ɗin nan, toh da ya fuskanci wannan kunyar gara ya ja zane ya rufe kai. Ni na fahimce shi, tausayinsa ma nake ji, sai dai girman kai rawanin tsiya ne, kuma talantin da aka binne ba ya haihuwa a rami.

Yanzu maganar lokacin Allah, wadda ita ce ta fi damuna a duk saƙon, don da ita yake rufe miki baki, ke kuma da yake kina tsoron Allah sai ki yi shiru. Ɗiyata lokacin Allah gaskiya ne, ni ma na jira shi a abubuwa da yawa. Amma buɗe Fitowa sura 16 ki karanta masa labarin manna. A duk Littafi babu abincin da ya fi wannan zama kyauta, ba noma ba shuka, daga sama yake sauka, duk da haka Allah bai zuba shi cikin bakin kowa a cikin tanti ba. Sai ka fita da safe ka tattara, kowace safiya, in rana ta yi zafi narkewa yake yi, in ka ce bari in tara na kwana biyu don gobe in huta ya yi tsutsa ya yi wari, sai ranar shida kaɗai ake ɗibar ninki saboda Asabar. Shekara arba'in ana haka. Da ƙanenki yana cikin jejin nan da wannan barcin nasa na sha biyu, da Allah ya aiko, ya kuma narke kafin ya farka. Mutanenmu na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, wannan ba aya ba ce, karin maganar Hausa ce, kar ki ce masa tana cikin Littafi don zai kama ki da ita, amma labarin manna kam yana nan a rubuce.

Kuma wannan ciwon tsoho ne a cikin ikilisiya. A Tasalonika ma an samu 'yan'uwa da suka ajiye aiki suna bin gidajen masu bi suna ci, masana da yawa suna ganin sun fake ne da cewa Ubangiji ya kusa dawowa. Bulus ya rubuta musu a wasiƙa ta biyu sura 3 cewa wanda ya ƙi yin aiki kada ya ci, ki lura wanda ya ƙi ya ce, ba wanda ya rasa ba, ya kuma ce ba aikin da suke sai shiga sharo ba shanu, ya umarce su su natsu su ci guminsu. Shi Bulus ɗin mai ilimi ne na gaske, a gaban Gamaliyel ya yi karatu, wato a zamaninsa ya fi mai lisans, amma a Koranti ya zauna da Akila da matarsa suna ɗinkin tanti, ya kuma ce wa Tasalonikawa dare da rana ya yi aiki don kar ya nauyaya wa kowa. In ka bi ta wajen dukawan garin nan ka ga yadda allura da fata ke cin yatsu, sai ka gane irin hannun da ya rubuta wasiƙun da muke karantawa ranar Lahadi. Ubangijinmu Yesu kuma mutanen Nazarat da masassaƙi suka san shi, Markus 6:3, wajen shekara talatin ya yi kafin ya fara wa'azi. Wasu suna ɗauka aiki la'ana ce ta zunubin Adamu, a'a, Farawa 2:15 ta nuna tun kafin a ci 'ya'yan itacen Allah ya sa mutum a gonar Adnin ya nome ta ya kiyaye ta. Ƙaya da sarƙaƙƙiya da zufa su ne suka biyo bayan zunubi, aikin kansa yana nan tun ana cewa komai yana da kyau.

Abin da lalaci ke yi wa gida kuwa, mu 'yan Damagaram ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai Hadishi 10:18 ya ce saboda ragwanci rufin ɗaki ke lotsawa, saboda naɗe hannu gida ke yoyo. Duk wanda ya girma a gidan ƙasa cikin Birni ya san soro ba ya faɗuwa rana ɗaya. Wata 'yar tsaga ce da aka gani da bazara aka ce gobe a yi yaɓe, indararo ne da ya toshe aka ce sai an samu lokaci, ruwan Agusta ya zo ya kwana a kai, ya jiƙa azara, wata rana da tsakar dare sai a ji rugum. Karin Magana 24 ma haka, mutum ya wuce ta gonar rago ya ga ƙaya ta rufe ta, katangar dutse ta zube, ya ce ɗan barci kaɗan, ɗan gyangyaɗi kaɗan, ɗan naɗe hannu a huta, sai talauci ya auko kamar ɗan fashi. Kaɗan kaɗan ne duka. Ki duba gidanki da wannan idon. Maigidanki da ke fita tun safe ya dawo ya tarar da ƙato a kwance da waya, wannan tsaga ce tsakaninki da shi, don duk ranar da ya yi magana ke ce ke tsayawa a tsakiya. Ɗiyarki 'yar shekara 12 da ke wanke kwanon kawunta, kullum tana koyon cewa mace an yi ta ne don bauta wa namijin da ke zaune, in kuma kina da ɗa namiji shi ma yana ɗaukar nasa karatun ba da an koya masa ba. Shi kansa mai lisans ɗin, karatun da ya yi yana zubewa, wanda ya shekara uku bai buɗe kaye ba in aka sa konkur gobe yaran da suka fito bana za su wuce shi. Jikinsa ya saba da juya dare rana. Maganar aure ta yi nisa. Addu'ar ma da yake faɗa, ki tambaye shi yaushe rabonsa da sujadar safe tare da ku, don wanda ya kwana fada ba ya iya tashi ya yi ta, lalacin jiki da na ruhu maƙwabtan juna ne.

Ga kuma wani abu da ya shafe mu mu Kirista a garin nan musamman. Mu 'yan kaɗan ne, kowa ya san gidajenmu, maƙwabtanmu Musulmi da yawansu ba za su taɓa buɗe Littafinmu ba amma suna ganin ƙarfe nawa ɗanmu ke tashi. Bulus ya faɗa a 1 Tasalonikawa 4 cewa ku yi zamanku a natse, ku kula da sha'aninku, ku yi aiki da hannuwanku, don ku zama da mutunci a idon waɗanda ke waje. Ni da idona na ga samarinmu bayan ƙona majami'u da aka yi a Janairun 2015, yadda suka kwashe toka da gawayi da hannu, suka ɗauki bulo da yashi, masu digiri da marasa digiri ba wanda ya tambayi takardar wani, kuma na ga yadda aikin nan ya ɗaga zukatan da suka karye fiye da duk maganar da muka yi musu. Shi ya sa ba na yarda in an ce mini yaranmu ba su iya wahala ba.

Toh yanzu in juyo kanki, ki yi haƙuri da ni don zan taɓa inda ke ciwo. Dala ɗarin nan da kike ba shi kullum, sefa 500 ke nan, a wata 15.000, a shekara ta haura 180.000, a shekara uku ta haura rabin miliyan. Ki zauna ki kalli wannan lissafin. Da jari ne da yanzu ana wata maganar. Ba da mugunta kika yi ba, ƙauna ce da tausayin maraici da kuma alkawarin da na tabbata kin yi wa Inna, amma ke ce ke biyan kuɗin zaman fadar, ke ce ke sa wa wayar forfe. Sannan shekara uku kina ɗage wata magana mai wuya kina cewa gobe, don kina tsoron ya yi fushi ko dangi su ce kin bi miji kin wulaƙanta ƙanenki. Ke da ba ki zauna ba tun asuba ba wanda zai kira ki raguwa, amma wannan ɗagewar ita ce taki tsagar da ba a yaɓe ba. Na san haka don ni ma na yi. Ɗan yayata ya zauna wajena kusan shekara biyu bayan ya faɗi bak, wato jarrabawar gama sakandare, ina dafa masa ina wanke masa ina hana maigidana, Allah ya ba shi hutawa, yin magana, har ranar da yaron da bakinsa ya ce mini Inna ai ke ba ki taɓa cewa kina bukatata da komai ba. Maganar ta soke ni, don gaskiya ce, na mai da shi baƙo a gidan da ya kamata ya zama ɗa. Galatiyawa 6 ta ce ku ɗauki nauyin juna, 'yan ayoyi kaɗan a gaba kuma ta ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Duka biyun gaskiya ne, ni na riƙe ta farko na manta da ta biyu.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Ki fara da maigidanki, ku biyu a ɗaki, ki gode masa da shekara ukun nan don ba kowane namiji zai yi ba, ki ce masa kin ji maganarsa kuma yana da gaskiya, ki roƙe shi wata uku, ba wata uku na jira ba, na tsari da ku biyu kuka yarda da shi. In ya ga kin koma gefensa zai sassauta. Bayan nan ki samu ƙanenki ke da shi kaɗai kamar yadda Matiyu 18:15 ta koyar, ba gaban yara ba, ba lokacin da ranki ke ɓace ba, ba kuma ta saƙon WhatsApp ba. Ki fara da tambaya, ƙanena me ya faru da kai tun konkur na biyu, ki yi shiru ki bar shi ya yi magana ko zai yi kuka. Kar ki kira shi rago ko cima-zaune, sunan zai manne ya toshe kunnensa. Ki faɗi abin da ido ya gani kawai, ƙarfe nawa yake tashi, wa ke wanke kwano, nawa ke fita. Ki kuma nemi gafararsa kan naki ɓangaren, cewa kin bar shi ya zauna kamar baƙo. Wannan zai buɗe ƙofar da faɗa ba zai buɗe ba.

Sannan ki ba shi aiki a gidan tun washegari, na gaske wanda in bai yi ba kowa zai ji a jikinsa. A garin nan ba sai an yi dogon tunani ba, ruwa ne. Kin san yadda muke da pampo, musamman watannin zafi, wani lokaci sai tsakar dare yake zuwa in ma ya zo. Tunda shi mai iya raba dare ne, jarkoki su zama nasa, shi zai tare ruwa ya cika randa da tano, kuɗin da kuke ba mai garuwa ya ragu. Kwanonsa da kayansa shi zai wanke. Karatun yara da dare nasa ne, mai lisans a gida bai kamata a ce ɗiyarki tana fama da lissafi ita kaɗai ba. Ƙofar gida tana da lokacin rufewa, sujadar safe kuma da shi za a yi. Dala ɗarin kullum ta tsaya, ki faɗa masa tun kafin ranar don kar ya zama kamar horo, abinci da wurin kwana suna nan ba wanda zai hana shi, amma shayi da forfe daga aljihunsa. In kina iya ci gaba da ware kuɗin, ki tara su gefe, ranar da ya zo da wani abin yi a hannu ki ba shi a dunƙule ko ki biya kuɗin dosiye da su.

A waje kuma kar ki ce masa je ka nemi aiki haka a dunƙule, wannan dutse ne babba, wanda ya daɗe kwance ba zai iya ɗaga shi ba. Ƙananan abubuwa masu rana da lokaci. Ranar Litinin ya je ANPE, wato hukumar samar da aikin yi, ya yi rajista in bai yi ba, ya bincika maganar sarbis sibik, wato hidimar ƙasa, in bai yi ba. Ya zaga lakwal-lakwal masu zaman kansu da takardunsa, ya nemi yara biyu ko uku 'yan ajin brebe ko bak da zai riƙa koya wa a gida da yamma, iyaye suna nema sosai in jarrabawa ta matso. In hannunsa yana son sana'a ga gyaran waya, ga haɗa sola da ake ta nema saboda yawan ɗaukewar kuran, ga walda, ga cibiyoyin koyon sana'a na CFM, ko kiwon kaji a bayan gida a sayar lokacin Kirsimeti, ko rago biyu a turke kafin Layya. Masu lambu a Miriya da Gidimuni suna fitar da kaya zuwa kasuwannin garin nan, akwai saro da sayarwa. Da damina kuma ga gonar Baba a ƙauye, wa ke nome wa Inna? 1 Timoti 5 ta ɗora wa 'ya'ya nauyin uwarsu gwauruwa tun kafin a zo kan ikilisiya, shi ma ɗanta ne kamar ke. Bai zama dole ya bar burin buro ba, ya ci gaba da shirin konkur awa biyu kowace safiya, amma yana jira yana motsi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ki sani zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu ba ya gaishe ki, wataƙila ya kira Inna ya ce ana korarsa. Don haka ki riga shi kiranta ki bayyana mata komai da bakinki. Zai kawo dalilai masu kyau kuma, Karin Magana 26 ta ce rago yakan ce akwai zaki a hanya, yana kuma ganin ya fi mutum bakwai masu ba da amsa da hankali wayo, toh kar ki shiga gardama da mai lisans, ki tsaya kan abin da aka shirya kawai da murya mai sanyi. In ya tashi kwana uku ya koma barci rana ta huɗu kar ki ce shi ke nan, jikin da ya shekara uku yana juya dare rana ba zai daidaita cikin mako ɗaya ba, ki yaba abin da ya yi ki sake tashinsa. In wata guda ya wuce ba motsi ko kaɗan, ki shigo da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, fasto ko wani dattijon ikilisiya ko shugaban matasa, namiji wanda zai iya jansa zuwa wajen aikinsa ya yini da shi, ba wanda zai yi masa wa'azi kawai ya tafi ba.

In kuwa wata uku sun cika, an duba lafiyarsa ƙalau, an ba shi hanya ya ƙi bi da gangan, toh komawarsa ƙauye wajen Inna ya kama noma ba kora ba ce kuma ba zunubi ba ne a kanki. Bulus ma da ya ce a ja jiki daga irin wannan ɗan'uwa, nan take ya ƙara da cewa kada a ɗauke shi maƙiyi, a gargaɗe shi kamar ɗan'uwa. Ki raka shi tasha da guzurinsa, ki riƙa kiransa, ƙofarki a buɗe ranar da ya shirya. Aurenki alkawari ne da kika ɗauka gaban Allah da ikilisiya, ba za ki ba da shi fansar barcin safe ba.

Ni zan sa ku a addu'a ke da shi da maigidanki. Ki fara da makon lura ɗin nan tukuna, sannan in kun zauna ki sake rubuto mini abin da ya ce, musamman abin da kika gani game da cinsa da barcinsa da amsar da ya ba ki kan konkur na biyu, don da su zan san ko likita za mu fara nema masa ko jarkokin ruwa.